Ido da Kyamara a Fazzan

Ɗaukar hoto ya shiga Fazzan, yankin kudancin Libiya, ta hannun matafiya da sojojin Turai, tun Murzuk na cibiyar yankin, Sabha kuwa tana 'yan ƙauyukan dabino a kan hanyar ayari. Cikin matafiyan akwai Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa. A 1906 ya tashi daga Tarabulus, ya bi ta Murzuk da Bilma har Borno, littafin tafiyar tasa kuma ya fito a 1910 ɗauke da hotunan hanyar. Italiya ta gama mamaye Fazzan a 1930. Faransawa suka karɓe Sabha a Janairun 1943, suka zauna da mulki a cikinta har Libiya ta sami 'yanci a 1951. Da Sabha ta zama garin ofisoshi sai buƙatar hoton fasfo ta taso, har ga Hausawan Nijar da Nijeriya masu zuwa cirani ta hanyar Agadas.

A kyamarorin farko, idon mai hoto shi ne rabin aikin. Akwati ne na katako a kan ƙafa uku. Mai hoto yakan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya duba surar a jikin wani gilashi mai dishi-dishi, kai a ƙasa, yana matsar da madubin gaba har fuskar ta fito tangaran. Tsakanin idonsa da gilashin bai fi taki ɗaya ba. To, daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yake fara ja da baya, wato daidai lokacin da hannun mutum ya nuna a sana'a. Sai tabarau ko gilashin ƙara girma ya zama dole. Ƙasar ma ba ta sassauta wa ido: ga ƙyallin rana a kan rairayi, ga iskar gibli mai ɗauke da ƙura, ga amodari da yanar ido da suka daɗe suna addabar mutanen Sahara.

Ƙananan kyamarori, irin Leica da ta fito a 1925, sun kawo tasu matsalar. Ta 'yar taga ake leƙawa, tabarau kuwa yana nisanta ido da tagar, sai gefunan hoton su ɓuya, a yanke wa mutum rawani ko ƙafa ba a sani ba. Bakin tagar na ƙarfe yana kuma kankare tabarau, balle in yashi ya shiga tsakani. Rolleiflex ta 1929 ta fi sauƙi ta wannan fuska, don daga sama ake duba ta a daidai ƙirji.

Gyara ya zo a hankali. Konica ta fitar da C35 AF a 1977, kyamarar farko a kasuwa mai daidaita gani da kanta. Nikon F3HP ta 1982 an yi tagarta yadda mai tabarau zai ga hoton duka daga ɗan nesa. A wasu kyamarorin kuma aka sa ɗan majuyi a gefen taga, wanda mutum ke murzawa har ya dace da ƙarfin idonsa. Wannan majuyin yana da iyaka, kuma ya kamata a sani: yana gyara raunin ganin nesa ko na kusa, amma ba ya gyara karkatar gani da ke zuwa daga rashin daidaiton baƙin ido. Mai wannan larura tabarau ɗinsa zai ci gaba da sawa.

Wayar hannu ta ɗauke yawancin wahalar, tana gano fuska ta daidaita da kanta. Sai dai allonta yana dusashewa a hasken ranar Sabha, kuma a kusa ake riƙe shi, shi ya sa dattijo ke komawa inuwa, ya sa tabarau na karatu, kafin ya tabbatar hoton ya fito.