Yadda Adashin Wuta Ya Samo Asali

Sababbin mambobi suna tambaya, me ya haɗa ƙungiyarmu da sola? To, ga tarihin.

A da, bil na ƙiyasi ake kawo mana, ko mun ga wuta ko ba mu gani ba. Wadda ta kasa biya, a zo da tsani a yanke. Mu masu zoɓo da ƙanƙara muka koma janareta, muna lallaɓawa, har ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai. Litar fetur daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Wallahi firiza da yawa sun koma ma'ajiyar kwanuka.

A ajin yaƙi da jahilci muka fara lissafin: kuɗin man wata nawa zai sayi farantin sola da batir? Daga nan muka buɗe adashi na daban. Kwasar farko muka bar wa masu marayu, bayan gardama mai zafi, don kowa na son ta fara. Sauran aka yi ƙuri'a.

Gaskiya ƙaramin faranti ba ya ɗaukar firiza, sai ƙwan fitila, fanka da cajin waya. Amma da kuɗin cajin da maƙwabta ke biya wasunmu ke cika zubinsu har yau.