Ciwon Raunin Tsokar Zuciya: Bayani ga Majiyyata da Iyalansu

Ciwon raunin tsokar zuciya, wanda likitoci ke kira kadiyomayofati, shi ne yanayin da naman zuciya kan saki ya buɗe, ko ya yi kauri, har ya kasa harba jini yadda ya kamata. Idan haka ta faru, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu da ciki. Yana kama maza da mata. Wani gadonsa ake yi, wani kuma yakan biyo bayan shan barasa ko kamuwa da ƙwayar cuta. Nau'in da ya fi addabar ƙasar Hausa shi ne wanda ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa.

Tarihinsa a Jihar Kaduna

A shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazarin mata 224 masu wannan ciwo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suka wallafa sakamakon a 1978. An ƙiyasta cewa a yankin Zariya ciwon kan kama mace 1 cikin kowace 100 da suka haihu. Sun danganta shi da wankan jego, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya ya nuna cewa rama, da talauci, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki duk suna da alaƙa da ciwon. Duk da haka, kanwa nau'in gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, don haka tana cutar da mai raunin zuciya.

Alamomi da gwaji

Alamomin sun haɗa da haki, kumburin ƙafafu, yawan gajiya, faɗuwar gaba, tarin dare, da kasa kwanciya sai an tara matasan kai. Ba a tabbatar da ciwon sai da hoton zuciya da ake kira eko. Mazauna Kinkinau da kewaye na iya fara ganin likita a Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, daga nan a tura su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Shika idan da buƙata.

Abin da ake bukata a gida

1. A sha magani kullum yadda likita ya tsara, ko da an ji sauƙi.
2. A rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire da kilishi duk suna cikin lissafi. A gyara miya da albasa, citta da tafarnuwa.
3. Mai jego ta bar kunun kanwa, ta yi wanka da ruwan ɗumi.
4. A guji ibuprofen da diclofenac da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. A bar taba da barasa.
5. A riƙa hawa sikeli da safe. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 alama ce ta taruwar ruwa, sai a koma asibiti.
6. A yi tattaki kaɗan-kaɗan bisa izinin likita, a ɗauke wa majiyyaci daka da ɗiban ruwa.
7. A tuntuɓi likita kafin azumi, da kuma kafin sake ɗaukar ciki. Sabon ciki kafin zuciya ta warware na iya jawo asarar rai, kuma wasu magungunan zuciya na cutar da ɗan tayi.

Kira ga shugabanni

Mata da dama kan warware cikin watanni 6 zuwa shekara idan an fara magani da wuri. Saboda haka ana kira ga masu unguwanni, limamai, ungozomomi da jami'an ƙananan hukumomi da su faɗakar da magidanta da surukai cewa haki da kumburi bayan haihuwa ba gajiyar jego ba ce. Duk wadda numfashi ya gagare ta tana zaune, ko ta suma, a kai ta asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.