Riƙon Gajiyayyu a Ƙasar Kankiya da Kusada: Jiya da Yau

A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidaje na musamman inda ake ajiye tsofaffi da majiyyatan da suka daɗe a kwance, ƙwararrun ma'aikatan jiyya suna duba su dare da rana. A ƙasar Kankiya da Kusada kuwa, kamar sauran ƙasar Katsina, wannan aiki ya daɗe yana wuyan gida, kuma gandu shi ne ginshiƙinsa.

A tsarin gandu, 'ya'ya maza, ko da sun yi aure, suna noma gonar mahaifinsu, ana ci daga rumbu ɗaya. Saboda haka idan ƙarfin maigida ya ƙare, abincinsa ba ya yankewa. Matan gida su ne masu dama masa kunu da fura, su wanke masa tufafi. Jikoki kuma su ne 'yan aike. Wanda ba shi da kowa sai ya dogara ga zakka da sadaka, ko ya shiga ƙarƙashin sarkin makafi ko sarkin kutare. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa, wanda aka buga a 1972, ya nuna cewa gandun matalauta ya fi saurin watsewa, wato tsohon da ya fi bukatar taimako shi ne ya fi rasa shi.

Wurin jiyya ta dogon lokaci da talakawan lardin Katsina suka fara sani shi ne asibitin kutare na Babbar Ruga. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka danƙa kula da shi ga mishan ɗin SIM. Majiyyaci yakan shekara da shekaru a can, ana wanke masa gyambo, ana yi masa allura, idan yana da sauran ƙarfi ya yi noma. Da maganin dafson ya yaɗu a shekarun 1950, sai aka koma raba ƙwayoyi a ƙananan asibitocin karkara, mutum ya karɓa ya koma gida.

Yau cututtukan da ke kwantar da tsofaffi sun sake: hawan jini, ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki. Babban asibitin Kankiya yana iya ceto ran majiyyaci, amma da zarar an sallame shi, jiyyar ta koma hannun mata ko suruka, alhali samarin gidan sun tafi Kano ko Abuja neman kuɗi. Mai irin wannan ciwo yana bukatar a riƙa juya shi duk bayan kamar awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, a motsa masa gaɓoɓi, a kuma ba shi abinci a zaune don kada ya shaƙe. Ƙauna kaɗai ba ta koyar da waɗannan.

A 2018 aka sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, amma doka ba ta juya majiyyaci a kan tabarma. Kankiya tana da makarantar horar da ma'aikatan lafiya. Idan ƙananan hukumomin biyu suka ɗauki wasu daga cikin ɗalibanta da suka gama, suka ɗora musu zagaya gidaje suna koya wa masu jiyya aikin, tsoho zai samu ƙwararriyar kulawa yana cikin ɗakinsa, jikokinsa na kewaye da shi.