Ba da aikin manhaja a ƙasar waje: abin da ya kamata ƙaramin ɗan kasuwa ya sani

A Maradi da Tsibiri da Jiratawa, littafin bashi da biro sun fara barin wuri ga waya da kwamfuta. Mai farmasi na son sanin maganin da ya kusa ƙarewa, dillalin wake da aya na son lissafin buhunan da suka bi hanyar Ɗan Isa, ƙungiyar manoman rani kuma na son rajistar bashin taki. Idan manhajar da ake samu a shirye ba ta dace ba, sai a sa a ƙera sabuwa. Sau da yawa aikin yakan tafi Kano, Legas, Kotonu, Tunis ko Indiya, ta hanyar wani da aka sani a WhatsApp ko ta dandali irin su Upwork da Fiverr. A can ana samun ƙwararru, kuma farashin yakan yi sauƙi. Babban haɗarin yana zuwa ne bayan an gama aikin, ranar da aka gane makullin yana hannun wani.

Me ake saye a zahiri?

Abin da ɗan kasuwa ke gani a fuskar wayarsa ɗan ɓangare ne kawai. A bayansa akwai abubuwa huɗu. Na farko shi ne asalin rubutun manhajar, wanda a Faransanci ake kira code source. Idan babu shi, wani ma'aikaci ba zai iya gyara ko ƙara komai ba. Na biyu adireshin shafin intanet, wanda haya ce da ake sabuntawa, galibi duk shekara. Na uku rumbun ajiya, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da sunayen abokan ciniki da basussuka da farashi. Na huɗu asusun da aka ɗora manhajar da shi a Play Store, da lambobin sirrinsa.

Saboda sauƙi, mai ƙerawa yakan buɗe duka huɗun da sunansa da katin bankinsa. Ba lalle da mugun nufi ba. Amma sakamakon daidai yake da na mutumin da ya biya magini ya yi masa shago, sannan takardar fili da makulli suka zauna a aljihun maginin. Ranar da aka saɓa kan farashi, ko mutumin ya samu wani aiki ya daina ɗaukar waya, ko ya rasu, shagon ya kulle da kaya a ciki.

Girman kamfani ma ba kariya ba ne. Builder.ai, kamfanin Landan da ya samu jarin Microsoft kuma ya yi ta tallan ƙera wa ƙananan ƴan kasuwa manhaja cikin sauƙi, ya bayyana karyewarsa a watan Mayun 2025. Duk wanda asalin rubutunsa ke wurin kamfani irin wannan kaɗai, sai ya shiga layin masu bin bashi.

Doka da kotu

Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Yarjejeniyar Bangi da ta kafa ta a 1977, wadda aka sabunta daga baya, tana kare manhaja kamar yadda take kare littafi, a matsayin aikin wanda ya rubuta ta. Saboda haka biyan kuɗi kaɗai ba ya tabbatar wa mai saye cikakkiyar mallaka. Sai an rubuta a kontira cewa an miƙa masa haƙƙin amfani da sauyawa da sayarwa. Najeriya da Indiya ba sa cikin OAPI, kowace da dokarta.

Haka batun shari'a. Dokokin kasuwanci na OHADA sun haɗa Nijar da Benin da Senegal da Kodibuwa, kuma babbar kotunsu na Abijan. Najeriya, duk da Katsina ta fi Yamai kusa da Maradi nesa ba kusa ba, ba ta ciki. Hukuncin da aka yanke a nan ba ya aiki a can kai tsaye, sai an bi wata hanyar shari'a, da lauya, da kuɗin da sau da yawa ya zarce na manhajar kanta. Gaskiyar magana, ƙaramin ɗan kasuwa ba zai kai ƙara Bangalor ba. Kariyarsa ita ce kada ya biya komai gaba ɗaya tun farko.

Kuɗi, wuta da intanet

Sefa na ɗaure da yuro, yuro ɗaya sefa 655,957, don haka kwangilar da aka yi da yuro ba ta motsi. Dalar Amurka daban ce: a farkon 2021 tana wajen sefa 540, a watan Satumban 2022 ta haura 670. Hayar rumbun ajiya kuwa galibi da dala ake biyanta, wata bayan wata. Naira ta fi kowa rawa. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta wuce 1.500. Wanda ya yi ciniki da naira a lokacin ya ga kamar ya ci riba, amma ma'aikacin da ladarsa ta narke a hannunsa yakan nemi ƙari ko ya yi watsi da aikin.

Takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar daga 30 ga Yulin 2023 zuwa 24 ga Fabrairun 2024 ya ƙara wani darasi. An rufe iyakoki, an takura hada-hadar kuɗi, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Hayar da ba a biya a kan lokaci ba tana iya sa a rufe rumbu, wani lokaci a goge abin da ke ciki. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kodibuwa, sadarwa ta raunana a ƙasashe da dama na yankin. Mai ƙerawa da ke zaune inda wuta ba ta yankewa ba ya tuna cewa dole manhajar mai kanti a Tsibiri ta ci gaba da lissafi ko babu intanet, sai an faɗa masa. Rumbun ma yana iya salwanta: gobarar da ta tashi a cibiyar OVH ta Estirasbur a Faransa ranar 10 ga Maris 2021 ta dakatar da miliyoyin shafuka, wasu kuma suka rasa bayanansu har abada saboda ba su da kwafi a wani wuri.

Abin da baƙo bai sani ba

Nan ne aka fi yin asara ba tare da an lura ba. Hukumar haraji ta DGI ta shigo da tsarin faktir mai shaida, wato SECeF, inda kowace faktir ke ɗauke da lambar QR. Kamfanin da dokar ta shafa dole manhajar da yake fitar da faktir da ita ta samu amincewar hukumar. Manhaja mai kyan gani da aka ƙera a waje, wadda ba ta san da wannan ba, tana iya zama ba ta da amfani a gaban mai binciken haraji. Haka hanyoyin biya: abokin ciniki a Maradi da Nita ko Amana ko Airtel Money yake aiko da kuɗi, ba da katin banki ba. Akwai kuma ƙananan abubuwa masu ban haushi, kamar manhajar da ba ta iya rubuta ƙ da ɗ da ɓ, sai sunan mutum ya fito da alamar tambaya a tsakiya.

Sunaye da lambobin waya da takardun magani na jama'a kuma amana ce da doka ta san da ita. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta maye gurbinta da wata a Disamban 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido. Fitar da irin waɗannan bayanai zuwa wata ƙasa yana da sharuɗɗa, kuma wanda ya tattara su, mai farmasi ko shugaban makaranta, shi za a fara tambaya.

Kafin a biya kafin-alƙalami

Ɗan kasuwa ya buɗe adireshin shafi da rumbu da asusun Play Store da kansa, da sunan kamfaninsa da lambar wayarsa, sannan ya ba ma'aikaci izinin shiga wanda zai iya janyewa. A raba kuɗin kashi-kashi, kowane kashi sai an miƙa aikin da ke tafiya tare da asalin rubutunsa. Kontira ta kasance cikin harshen da mai saye ko lauyansa ke karantawa, ta faɗi kuɗin da za a biya da shi, da farashin gyara na shekara, da wanda zai sasanta idan an saɓa. A riƙa sauke kwafin bayanai kowane mako a ajiye a gida.

Kafin biyan kashin ƙarshe, a nemi wani masanin kwamfuta na nan Maradi, a biya shi ladar yini ɗaya ko biyu, ya ɗauki rubutun da aka miƙa ya tayar da manhajar a wata kwamfuta ba tare da kiran wanda ya ƙera ta ba. Idan ta tashi, an karɓi kaya. Idan ba ta tashi ba, sauran kuɗin su jira. Wannan gwajin ya shafi ma'aikacin gida ma, domin shi ma gobe yana iya samun aiki a Yamai ya tafi.