Gishirin Foga da Danginsa

Jama'ar Junju da kewaye, kun san gishirin Foga. Tun kaka da kakanni mata ke kankare ƙasar kwarin, su tace ta da ruwa, su dafa ruwan har ya daskare. Fatake kuwa su ɗora wa jakuna su nufi ƙasar Kabi da Bargu. A shekarar 1853 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda aka laƙaba wa Abdulkarim, ya ratsa Foga a kan hanyarsa ta zuwa Sayi. Ya ga masu wannan sana'a, ya rubuta labarinsu.

To, mene ne cikin gishiri? Abu biyu ne suka haɗu, sodiyom da kulor. Kanwa ma akwai sodiyom cikinta. Tokar kara kuwa fotasiyom ke cikinta. A 1807 wani Bature a Ingila, Humphry Davy, ya fitar da sodiyom da fotasiyom, kowane shi kaɗai. Sai ga su ƙarafa masu taushi, har wuƙa na yanka su.

A 1869 wani malami a Rasha, Mendeleev, ya jera sinadarai 63 da aka sani a lokacin, daga marar nauyi zuwa mai nauyi. Ya lura hali ɗaya yana ta maimaituwa, sai ya sa masu hali ɗaya a gida ɗaya. Har ya bar gurabe don waɗanda ba a gano ba tukuna, daga baya kuma aka gano su. Yau sinadarai 118 ke cikin wannan jadawali.

Sodiyom da fotasiyom gidansu ɗaya, halinsu ɗaya. Shi ya sa in mace ta rasa kanwa takan sa ruwan toka a miya. Amma ɗan'uwa na da bambanci da ɗan'uwansa. In aka jefa sodiyom a ruwa, tafasa yake yana yawo. Fotasiyom da ke ƙasa da shi a jerin ya fi shi zafin rai, wuta yake kamawa nan take.

Kulor ma yana da nasa gidan. Shi ne ke cikin ruwan jabel da ake tsabtace ruwan sha da shi. Ɗan'uwansa shi ne iyod, wanda wani Bafaranshe, Courtois, ya samo a tokar ciyawar teku a 1811. Rashin iyod a jiki shi ke kawo maƙoƙo, yana kuma tauye kaifin basirar yaro tun yana ciki. Don haka ƙasar Suwis ta fara zuba shi cikin gishiri a 1922, sauran ƙasashe suka bi.

Gishirinmu na gargajiya ba a zuba masa iyod. Saboda haka, maigida, in ka je kasuwa ka nemi mai iyod, musamman in akwai mai ciki a gida. Uwargida kuma ki rufe shi cikin kwano, nesa da rana da laima, don iyod ɗin kada ya tsere.