Shaidar Duwatsu Game da Zamanin Ƙanƙara a Tsaunukan Alps

A gangaren tsaunukan Jura na ƙasar Suwizalan akwai waɗansu manya-manyan duwatsu, wani ma ya fi ɗaki girma, waɗanda jinsinsu ya saɓa wa ƙasar da suke zaune a kanta, domin asalinsu daga tsaunukan Alps yake, can ƙetaren wani faffaɗan fili. Galibin malaman Turai na farkon ƙarni na 19 sun jingina al'amarin ga ambaliyar ruwa, kuma ko da wani maharbi, Jean-Pierre Perraudin, ya shaida wa malami Jean de Charpentier a 1815 cewa ƙanƙara ce ta taɓa cika kwarinsu na Bagnes, ba a gaskata shi nan take ba, sai bayan da wani malamin, Louis Agassiz, ya tsaya a Neuchâtel a 1837 ya kafa hujja gaban malamai.

Hujjar kuwa tana cikin sifar tarkacen. Ruwa mai gudu tacewa yake yi, ya ajiye tsakuwa daban, yashi daban, laka daban. Amma kogin ƙanƙara, saboda nauyinsa da jinkirin tafiyarsa, yakan kwashi babba da ƙarami a cakuɗe, ya kankare falalen dutsen da ya bi ta kansa har ya bar zane, sa'an nan ya jibge kayansa inda ya narke, su zama tudu, irin wanda ya kewaye kudancin tafkin Garda a Italiya.

Wajibi ne mai nazari ya bambanta wannan da aikin sanyi a wuraren da ƙanƙarar ba ta rufe ba, inda ruwa yakan shiga tsagar dutse ya daskare, ya ƙaru da misalin kashi 9 cikin 100, ya farfasa shi gutsattsari masu kaifi su taru a gindin tsauni. Wanda ya gwama biyun lalle zai kai iyakar ƙanƙara inda ba ta je ba, ƙiyasinsa game da tsananin sanyin zamanin ya ɓaci.

Mas'alar ta shafe mu, domin kimanin shekara 21,000 da suka shige, a zamanin ƙanƙara, lokacin da ruwan teku ya sauka da misalin mita 120, Tafkin Chadi ya ƙafe, iska ta turo rairayin hamada har ƙasar Hausa, kuma jigayin da ake shuka gero a kansu a yau ragowar wannan fari ne. Saboda haka ya kamata ɗalibanmu su karanci jigawa da irin tahƙiƙin da aka karanci duwatsun Alps da shi.