Azumin Kwana Arba'in da Tsohon Yaƙinsa da Gumaka

Duk shekara idan Larabar Toka, ranar da ake fara azumin kwana arba'in kafin Ista, ta zo, masu wa'azi a majami'un Katolika da na Angilikan kan ce kuɗi gunki ne, mulki gunki ne, har wayar hannu ma ba ta tsira. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin sabon salon wa'azi, wai da aka rasa gumakan dutse da na itace sai aka ƙirƙiro wasu don kada bakin mai wa'azi ya mutu. Tarihi bai goyi bayansu ba. Rabuwa da gumaka ita ce tushen wannan azumi, kuma tun farko malaman ikkilisiya sun san cewa gunkin da ya fi wuyar karyawa ba a haikali yake zaune ba.

Taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a Nikiya a shekarar 325 ya ambaci kwanaki arba'in ɗin kamar abin da kowa ya riga ya sani. A wancan zamani lokaci ne na shirya manya masu neman baftisma. Egeriya, wata mata da ta ziyarci Urushalima wajen shekarar 381 zuwa 384, ta rubuta yadda ake ɗaukar sunayensu kafin azumi, a kawo su gaban bishop ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi maƙwabtansu ko mutumin mashayi ne, ko maƙaryaci, ko yana girmama iyayensa. Wanda aka samu da aibi a ce ya je ya gyara tukuna. Sauran kuma su zauna sa'a uku kowace safiya suna ɗaukar karatu. A daren Ista, kamar yadda koyarwar Siril bishop na Urushalima ta nuna, mai neman baftisma kan tsaya ya fuskanci yamma, inda rana ke faɗuwa, ya miƙa hannu kamar Shaiɗan na tsaye a gabansa, ya ce ya rabu da shi da ayyukansa da ƙawarsa da bautarsa, sannan ya juya gabas ya furta bangaskiyarsa. Abin lura shi ne jerin abubuwan da Siril ya lissafa. Akwai kunna fitila da ƙona turare a bakin rafi, da laya, da duba, amma a ciki har da gidan wasan kwaikwayo da filin tseren dawaki. Ke nan nishaɗin da ke cinye hankalin mutanen gari yana layi ɗaya da tsafi tun ƙarni na huɗu.

Maganar dukiya ma ta girmi azumin kansa. A shekarar 250 Sarki Desiyus na Roma ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga alloli, ya karɓi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu fiye da arba'in a Masar, ɗauke da sunan mai hadaya da sa hannun jami'an da suka ga ya zuba ruwan inabi ya ɗanɗana naman. Kiristoci da yawa sun faɗi. Sifiriyan bishop na Kartaj, a abin da ya rubuta a 251, ya ce wasu ba su ma jira a kama su ba, da ƙafarsu suka ruga dandali, kuma ya ɗora laifin a kan son dukiya: gonaki da gidaje sun ɗaure su, sun kasa barin gari su gudu. Wannan ne ya fi taɓa ni a duk labarin, domin mutanen nan ba su yarda da allolin Roma ba ko kaɗan, sun durƙusa musu ne don kada su rasa abin hannunsu. Daga baya aka haɗa tuban masu manyan zunubai da wannan azumi, har Paparoma Inosan na Ɗaya ya rubuta a 416 cewa a Roma ranar Alhamis kafin Ista ake karɓarsu. Tokar da masu tuba kaɗai ke shafawa ta zama ta kowa, kuma taron Benebento na 1091 ya tabbatar da hakan.

Mai ja zai ce idan komai ya zama gunki, to babu gunki ke nan, kuma rashin adalci ne a kwatanta mai yawan duba waya da wanda ya yanka rago ga dutse. Akwai gaskiya a nan, kuma masu wa'azin da ke jefa zargin a kan duk abin da ba su so suna rage masa nauyi. Sai dai Manzo Bulus ne da kansa ya kira kwaɗayi bautar gumaka a wasiƙarsa ga Kolosiyawa, kuma jarrabawar da Matiyu ya sa a ƙarshen kwana arba'in na Yesu a jeji tayin mulkin duniya ce a bakin sujada ɗaya. Ma'aunin da Kartaj ta bari a fili yake: abin da mutum zai sayar da gaskiyarsa don kada ya rasa shi. Da wannan ma'auni wayar yawancin mutane ba ta kai gunki ba, amma kujerar da ake rantsuwar ƙarya a kanta ta kai, haka ribar da ake ɓoye hatsi dominta.

Ja na biyu ya fi ƙarfi, shi ne azumin ma kan zama gunki. A watan Maris na 1522, a birnin Zurik, wasu mutane sun ci nama da gangan cikin azumi a gidan Firoshawa mai buga littattafai. Zuwingili, mai wa'azi a birnin, yana wurin, bai ci ba, amma ya hau mumbari ya kare su da cewa Littafi Mai Tsarki bai wajabta wannan doka ba. Bayan shekara biyu aka kwashe siffofi daga majami'un birnin. Mutanen Zurik sun yi daidai da suka ga mutum na iya dogara da yunwarsa ya manta da Allah, amma tsoffin malaman ba su jahilci haɗarin ba. Shi ya sa Liyo Babba, Paparoma daga 440 zuwa 461, ya nace cewa abin da mai azumi ya hana cikinsa ya zama abincin matalauci, domin marowaci na iya kwana da yunwa yana murna da abin da ya tara. Tun da Paparoma Bulus na Shida ya sassauta dokar a 1966, azumin dole ga Katolika ya koma Larabar Toka da Jumma'ar da aka gicciye Yesu, sauran kuma, ban da ƙaurace wa nama a ranakun Jumma'a, aka bar wa kowa ya zaɓi abin da zai bari, ba bishop mai tambayar maƙwabta, ba jerin da wani ya rubuta masa.